Kaset Ɗin Gwaji

Shekara goma sha tara ina gyaran bidiyo a Ƙofar Wambai,
da kaset ɗaya nake gwada kowane inji:
naka, Malam Haladu.
Rubutun goshinsa ya goge,
sai ɗigon mai da shatin yatsana.

Kullum wuri ɗaya nake tariyowa:
uba zaune a dakalin asibiti,
takalmin ɗansa ƙafa ɗaya a cinya,
yana ta gyara maɗaurin da ba abin da ya same shi.
Ba kiɗa. Ba wanda ya ce uffan.
Masu inji kan zo karɓar kayansu,
su manta da ciniki, su tsaya a bayana.
Wani direban tifa ya taɓa rantse mini
hayaƙin dalma ne ya shiga idonsa.

To, da na ji ka dawo,
na rufe shago tun la'asar,
na sa shaddar Juma'a ranar Talata,
na ɗauki autata Ummita
muka hau adaidaita-sahu zuwa titin Zoo.
Kuɗin tikiti biyu, na kwanon shinkafa ne har da canji.
Ban ji zafinsu ba.

Aka kashe fitila.

Wani ƙato ya faɗa kwata.
Ya fito, ya sake faɗawa.
Akuya ta cinye takardar gado,
alhaji mai tumbin matashi ya bi ta a guje,
wando ya zame, aka buga ganga,
aka sako dariyar gwangwani
don kada mu rasa inda ake darawa.
Ana tsakiyar zaman makoki
jaruma ta juyo ta nuna mana sinadarin miya,
har da farashinsa.
Na ƙirga: sau bakwai kwatar nan ta ci mutum.

Ba dariya nake ƙi ba, Malam.
A majalisarmu ta Goron Dutse
ko mai ciwon haƙori sai ya dara.
Amma dariyarka ta da tana da ƙaya,
a haɗiye, a je gida,
tsakar dare ta tashi mutum zaune.
Wannan kuwa kumfar wanki ce,
kafin mu miƙe daga kujera ta kwanta.

Sai ga ka a bakin ƙofa.
Ban zaci ka rame haka ba.
Kujerar roba, sanda,
ledar magani ta leƙo daga aljihu,
wani yaro mai waya biyu
yana nuna maka inda za ka kalla a ɗau hoto.
Ka riƙe hannuna da hannu biyu: "Yaya ka gani?"
Duk abin da na tanada tun rabin fim
ya harɗe kamar zaren kaset a haƙorin inji.
Na ce, "Allah ya ƙara basira."
Ka daɗe kana dubana.
Ka ce, "Amin,"
irin ta wanda ya ji abin da ba a faɗa ba.

A hanya Ummita na ta kukan akuya,
tana dariya har da riƙe ciki,
mai adaidaita na taya ta.
Rabon da in ji ta dara haka, na manta.
Na tsaya na saya mata gurasa,
na haɗiye sauran maganata da yaji.

Wajen sha ɗaya aka kawo wuta.
Na jawo tsohon inji daga ƙarƙashin gado,
na goge kansa da gefen riga, na tura kaset.
Hoton na rawa, yashi ya ci rabin fuskar uban,
amma takalmin na nan a cinyarsa.

Ummita ta leƙo, ido duk barci:
"Baba, shi wannan me yake jira?"

Na matsa mata a tabarma.
Kafin in buɗe baki
suka ɗauke wutar.